Rigakafin Dabbobi a Gida: Wanne Mai Dabba Zai Iya, Wanne Zai Bar wa Likita?

Kiwo bai taɓa fita daga cikin birnin Kano ba. Wanda ya shiga ta Ƙofar Ɗan Agundi ya kutsa lunguna zai tarar da tantabaru a kan soraye, kaji a tsakar gida, rago ɗaure a bakin zaure yana jiran layya, nan da can kuma bargar doki. Abin da ya ƙaru a 'yan shekarun nan shi ne kiwon sha'awa: magen waje mai dogon gashi da ake saye da tsada, zomaye, aku, da manyan karnukan gadi waɗanda a da sai a Nasarawa ko Bompai ake ganinsu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sai dai wannan kiwo ya zo da wata gardama da ake ta yi a majalisun matasa. Wani ya ce don me zai ɗauki magensa ya kai asibiti, ya biya kuɗin mota ya biya na likita, alhali ga kwalba ga sirinji a kanti, ga kuma bidiyo a TikTok da YouTube da ke nuna inda ake kama fata a soka? Wani ya ce a'a, aikin likita a bar wa likita.

Ina tare da masu cewa a'a, amma ba a kan kowace dabba ba, kuma ba don dalilin da aka fi kawowa ba. Soka allura ba shi ne mai wuyar ba, duk mai hankali zai koya a yini ɗaya. Wuyar tana cikin kwalbar da aka zuƙo ruwan, da kuma abin da zai faru ranar da wani ya dogara da maganar mai dabba cewa ai an yi mata.

Bari in fara da abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Tambayi mai kare ko karensa yana da rigakafi, sau da yawa zai ce maka ƙwarai kuwa, ko watan jiya ya yi masa allura. Ce masa ya ɗauko kwalbar. Abin da zai miƙo maka ko dai Ivomec ne, ko kuma wannan maganin mai launin zuma da masu kiwo ke kira L.A. Dukansu magunguna ne masu amfani a inda aka yi su don shi. Ivomec yana kashe tsutsar ciki da kaska da ƙwayar ƙirci. L.A. kuwa yana yaƙar wasu ƙwayoyin cuta da suka riga suka shiga jiki. Babu ɗaya daga cikinsu da ke da wani tasiri, ko ƙanƙani, a kan ƙwayar haukan kare. Magani yana shiga jiki ya yi aikinsa a kan ciwon da ya tarar, bayan kwanaki ko makonni ya fita. Rigakafi ba haka yake ba. Ana ba dabba ne tana lafiya lau, ana sa mata ƙwayar cutar da aka kashe ko aka raunana, don garkuwar jikinta ta gane abokiyar gaba ta yi shiri kafin ranar haɗuwa. Wannan shiri yana ɗaukar mako biyu zuwa huɗu kafin ya kankama. Don haka wanda ya ga karensa ya fara dalalar da miyau sannan ya garzaya neman rigakafi ya makara, wanda kuma ya yi shekaru yana ɗirka wa karensa Ivomec yana ce wa maƙwabta su kwantar da hankalinsu, yaudararsu yake yi ba tare da ya sani ba.

To, a ce mutum ya san bambancin, ya je ya sayo rigakafin na gaskiya. Nan ne maganar sanyi ta shigo. Kusan duk rigakafin dabbobi ana son ya zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyos, tun daga inda aka haɗa shi har lokacin da ya shiga jikin dabba. Wanda aka yi a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, sai ya sauko daga tsaunukan Jos a cikin sanyi. Wanda aka shigo da shi daga Turai ko Indiya kuwa, sai ya bi jirgi, ya bi rumbun ajiya a Legas, ya bi mota, ya shiga firjin dillali, ya koma firjin mai kanti. A watan Afrilu zafin Kano yana kaiwa digiri 40, wani lokaci ya haura. Halin da wutar lantarki take ciki kuwa ba sai na faɗa wa kowa ba. Firjin da ya kwana a mace ya wuni a mace, akwati ne kawai. Sannan ga tafiyar ƙarshe, wadda ita ce ta mai dabba: an ƙulle masa kwalba a leda da ɗan guntun ƙanƙara, ya sa a aljihu, ya tsaya ya yi cefane, ya tsaya ya gaisa da abokai, ya iso gida ƙanƙara ta zama ruwan ɗumi. Wani kuma don tsananin son ya kyauta sai ya cusa kwalbar can cikin ma'ajiyar ƙanƙara ta daskare. Shi ma ya lalata ta, domin rigakafin da ke zuwa a ruwa, kamar yawancin na haukan kare da ake shigowa da su, daskarewa tana ɓata shi kamar yadda zafi ke yi.

Abin da ya sa wannan ya zama babbar magana shi ne rigakafin da ya mutu ba ya nuna alama. Launinsa bai canza ba, ba ya wari, ranar ƙarewar aikinsa da aka buga a jikin kwalba ba ta zo ba. Manomi ya san irin wannan. Irin gyaɗar da zafi ya kashe a ajiya, idan ka ɗebo shi a tafin hannu ba ka raba shi da mai rai. Kana iya shuka shi da kyau, a gona mai kyau, bayan ruwa mai kyau, kuma ba abin da zai fito. Amma manomi ya fi mai kare sa'a, domin cikin mako guda zai zaga gona ya ga babu tsiro, ya nemo wani iri ya sake shuka tun damina ba ta yi nisa ba. Mai kare ba shi da gonar da zai zaga. Garkuwa ba ta tsirowa a inda ido zai gani. Zai ci gaba da zama da tabbacin cewa ya yi shuka, har ranar da mahaukacin kare ya tsallako ya ciji nasa, kuma a ranar babu sauran damar sake iri.

Wannan ranar ita ce ta sa na ce haukan kare daban yake da sauran cututtuka. Idan rigakafin ciwon amai da gudawar jini na 'yan kwikwiyo bai kama ba, asarar ta mai kare ce. Idan na hauka bai kama ba, asarar tana iya faɗawa kan ɗan maƙwabci. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan dukkan masu kamuwa daga kare suke samu. Ƙwayar tana bin jijiya a hankali daga inda aka yi cizon zuwa ƙwaƙwalwa, yawanci wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. A tsakanin nan ciwon ya warke, yaro ya koma makaranta, an manta. Da zarar alamu sun bayyana, tsoron ruwa da firgita da shiɗewa, to babu asibitin da ke da magani, a nan ko a Ingila. Amma idan aka fara allurar bayan cizo da wuri, kafin alamu, kusan kowa yana tsira. Tun ranar 6 ga Yuli 1885, da Louis Pasteur ya gwada wa yaron nan Joseph Meister a Faransa, aka san haka.

Yanzu a duba yadda abin yake faruwa a unguwa. Kare ya ciji yaro a lungu. Iyaye sun fito, an taru a ƙofar gidan mai karen. Shi kuma ya fito da ladabi ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, amma kada a damu, karen nan yana da allura, ni da hannuna na yi masa." Maƙwabci ne, ba a son tashin hankali, allurar asibiti kuma da tsada, sai an je sau huɗu ko biyar. Sai a wanke ciwon sama-sama, a shafa wani abu, wasu ma har yanzu suna tsige gashin karen su ƙona su barbaɗa, a ce Allah ya kiyaye gaba. Wannan magana ta "da hannuna na yi masa" ita ce ta hana a kai yaron asibiti. Da a ce babu allurar gaba ɗaya, da tsoro ya sa an kai shi. Shi ya sa nake ganin rigakafin da ba a tabbatar da shi ba ya fi rashinsa haɗari.

Katin da likitan dabbobi yake bayarwa ba ado ba ne. Yana ɗauke da sunan rigakafin, lambar rukunin da aka haɗa shi, ranar da aka yi, ranar da za a sake, da sa hannun wanda Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya ta yi wa rajista, wanda za a iya tuhuma idan ya yi ƙarya. Shi ne abin da ma'aikacin asibiti zai duba. Shi ne kuma abin da za a nema idan za a fita da dabbar ƙasar waje. Allurar zaure ba ta da shaida ko da ta kama.

A cikin birni ma mage ce ta fi damuna, ba kare ba. Kare yana can waje ko a ɗaure, mutane da yawa ba sa bari ya raɓe su. Mage kuwa tana ɗaki, tana kan gado, yara suna ɗaukarta suna jan wutsiyarta, da dare kuma ta haura katanga ta yi yawonta ta dawo. Tana kamuwa da haukan kare, tana kuma yaɗa shi ta cizo ko yakushi, amma da wuya ka ji wanda ya kai magen gida rigakafi in ba mai 'yar waje ba. Ga kuma wani tarko ga mai yi da kansa. Akwai tsohon nau'in rigakafin hauka mai rayayyar ƙwaya, ana kiransa Flury LEP, wanda don karnuka aka yi shi. An tabbatar cewa idan aka yi wa mage yana iya sa mata cutar da ake gudu. Mai kallon bidiyon da aka ɗauka a Amurka ba zai ji wannan gargaɗi ba, domin su can sun daɗe da daina amfani da shi.  

Likita kafin ya zuƙi ruwa a sirinji yana auna zafin jikin dabbar, ya duba dasashinta da idonta, ya tambayi cinta da kashinta. Dabbar da ke zazzaɓi ko tsutsa ta cinye ta ba ta gina garkuwa yadda ya kamata. Yana kuma lissafin shekaru. Ɗan kwikwiyo da 'yar kyanwa suna samun garkuwa daga nonon farko na uwa, kuma wannan garkuwar aro tana iya kashe rigakafin da aka yi da wuri. Dalilin ke nan da ake farawa a mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan 'yan makonni har zuwa wajen mako 16, na hauka kuma sai an cika wata 3, sannan a riƙa sabuntawa. Wanda ya yi sau ɗaya ya ce ya gama, bai gama ba. Akan kuma samu dabbar da jikinta ke ƙin rigakafi nan take, fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe. Ba kasafai ba ne, amma idan ya faru mintoci ne, kuma allurar ceto tana jakar likita, ba ta cikin zaure.

Duk da haka ba na cewa hannun wanda ba likita ba haramun ne ga kwalbar rigakafi. Tarihinmu ma bai yarda da haka ba. Annobar bushiya ce, wadda ta riƙa share garken shanu, ta sa aka kafa cibiyar Vom a 1924. A nan Kano aka yi taron 1961 da ya haifar da gagarumin shirin JP15, wanda ya fara yi wa shanun Najeriya da Nijar da Cadi da Kamaru rigakafi a 1962. Da aka yi sake, cutar ta dawo da ƙarfi a farkon shekarun 1980. Abin da ya taimaka aka ƙarasa ta a wuraren da likita ba ya iya kaiwa, irin su Kudancin Sudan da yankin Afar na Habasha, shi ne an samar da rigakafi mai jure zafi, aka horar da makiyaya daga cikin jama'a suka yi wa shanun 'yan uwansu. A 2011 aka yi shelar cewa bushiya ta ƙare a duniya. Amma a lura da sharuɗɗan: rigakafi mai jure zafi, horo, da hukuma a baya tana sa ido tana gwada jinin shanun don ta tabbatar ya kama.

Inda waɗannan sharuɗɗa suka fi kusa da cika a gidajenmu shi ne kaji. Ciwon fakat, wanda ke zuwa da hunturu ya murɗe wuyan kaji ya share akurki cikin kwanaki, yana da rigakafi mai suna I-2, wanda masana a Ostireliya suka samar musamman don kajin ƙauye, kuma Vom tana yin sa. Ba allura ba ce, ɗigo ɗaya ne a ido, ana maimaitawa bayan wata 3 zuwa 4. Uwargida da aka nuna mata sau ɗaya za ta iya, kuma ya kamata ta yi, domin babu mai ɗaukar kaji goma ya kai asibiti. Sai dai jure zafi ba yana nufin a bar shi a rana ba. A saye shi daga wanda ake da tabbacin firjinsa, a kawo shi a kula da ƙanƙara, idan an jiƙa a yi amfani da shi nan take, abin da ya saura a zubar. Wanda ake sawa a ruwan sha kuwa, kada a haɗa shi da ruwan famfo mai kulorin, zai kashe shi. Tun da kwalba ɗaya tana isar kaji masu yawa, gara maƙwabta su haɗu su saya su yi rana ɗaya. Masu tantabara, waɗanda su ma suna ganin murɗewar wuya a tsuntsayensu, su fara tambayar likita nau'in da ya dace. Raguna da awaki da dawakai kuwa, a kira ma'aikacin dabbobi ya zo gida. Babu laifi a yi rigakafi a gida matuƙar wanda ya san aikin ne ya zo da kularsa da katinsa.

Saura laifin da ba na masu dabbobi ba. Mutum ba ya zaɓar sayen kwalba a kanti don raina likita, kuɗi da nisa ne suke tura shi. An gwada wannan a Njamena, babban birnin Cadi. A 2002 da aka yi rigakafin karnuka kyauta a wasu unguwanni, an samu kashi 64 zuwa 87 cikin 100. A 2006 da aka ce masu karnuka su biya wani ɓangare na kuɗin, abin ya faɗo zuwa wajen kashi 24. Masana kuwa sun ce sai an kai kashi 70 na karnukan gari kafin cutar ta daina yawo. Da aka koma yi kyauta a dukkan birnin a 2012 da 2013, aka haura kashi 70, sai da aka yi watanni da dama ba a samu mahaukacin kare ba, kafin cutar ta sake shigowa daga wajen gari. Meziko ta bi wannan hanya shekara da shekaru, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ta kawar da haukan da ake ɗauka daga kare.

Mu a nan an fi jin ɗuriyar rigakafin kyauta a ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, a yi jawabi a yi wa karnukan da aka kawo, sai kuma baɗi. Ƙasashen duniya sun sa wa kansu 2030 a matsayin shekarar da za a daina mutuwa da wannan cuta, kuma taron yini ɗaya ba zai kai mu can ba. Kano ba baƙuwar aikin gida-gida ba ce. Kowa ya ga ma'aikatan foliyo da akwatin sanyinsu a rataye, mai unguwa ya san da zuwansu, suna bin lungu-lungu, har aka wayi gari tun 2014 ba a sake samun asalin ƙwayar cutar a jihar ba. Karnuka da magunan birnin kuwa ba su kai yaransa yawa ba. Tun Yulin 2024 akwai ma'aikatar tarayya ta musamman don kiwo, akwai tsangayar koyar da likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, cike da ɗaliban da ke neman inda za su koyi aiki. Ban ga abin da zai hana a tsayar da rana a kowace unguwa, a ƙofar gidan mai unguwa, sau ɗaya a shekara, a yi kyauta a ba da kati ba. Hukumar NAFDAC da ma'aikatar jiha kuma su riƙa leƙa firjin masu sayar da maganin dabbobi da ma'aunin sanyi a hannu, ba takardar rajista kawai za su duba ba.

Kafin a kai ga haka, ya mai karatu, idan kana da kare ko mage, asibitin dabbobi na Gwale tafiyar 'yan mintoci ce a adaidaita sahu daga Ƙofar Ɗan Agundi, akwai kuma na Kundila. Kai ta, ko ka kira likita ya zo, ka ga kwalbar ta fito daga sanyi, ka karɓi kati ka adana. Idan kuma kare ko mage ta ciji wani naka ko ta yakushe shi, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, ka kai shi asibiti a ranar. A tsare dabbar a sa mata ido kwana 10, a sanar da likitan dabbobi, amma kada a jira ƙarshen kwanakin kafin a fara allura, ko da mai ita ya rantse cewa da hannunsa ya yi mata rigakafi.